Kafin a zo rabon shinkafa da tabarma: Sana'ar da matasan Dutsin-Ma da Kurfi suka bari a ƙasa



Yau da tambaya zan fara, kuma kai nake tambaya, kai da ka gama digiri a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ka koma gida kana jiran a buɗe shafin ɗaukar ma'aikata, da ke da kika karɓi takardarki a Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita kika adana ta a ƙasan akwati. A ce yau da ƙarfe biyun dare, cikin watan Agusta, ruwan madatsar Zobe ya cika ya fara neman hanya. Wa zai fara sani? Wa zai kira? Ƙauyukan da ke ƙasan gulbin Karaduwa, ta ina za su bi, kuma wane tudu za su hau? Wa zai ɗauko tsohuwar da ba ta iya tafiya, da mai jegon da ta haihu shekaranjiya?

Allah Ya kiyaye, ba cewa nake akwai wata matsala a madatsar ba. Tun 1983 take tsaye, kuma muna shan ruwanta muna noman rani a gefenta. Sai dai mutanen Maiduguri ma ba su kwanta da tunanin madatsar Alau ba a daren da ta ɓalle cikin Satumban 2024, suka wayi gari ruwa ya shanye babban ɓangaren birnin. Haka madatsar Bagauda a Kano cikin 1988. Abin da nake so ka lura da shi, amsa waɗannan tambayoyin aiki ne. Akwai masu karantarsa a jami'a, akwai masu cin abinci da shi, kuma a yankinmu kujerar kusan babu kowa a kanta.

Mu abin da muka sani da sunan agajin gaggawa shi ne wanda ke zuwa bayan an gama jana'iza. Iftila'i ya auku, manya su zo jaje, bayan kwana biyu ko mako biyu manyan motoci su iso da shinkafa da bargo da tabarma da kwanon rufi, a jera mutane a layi, a ɗauki hoto, a watse. Ba na raina wannan, wanda gidansa ya rushe yana buƙatar bargon. Amma ka tuna Jibiya a watan Yulin 2018. Ruwan dare ɗaya ya kashe sama da mutum 40, ya tafi da gidaje da dabbobi. Kayan agaji sun je, sai dai babu buhun shinkafar da ya dawo da mutum ɗaya daga cikin waɗanda ruwa ya ci suna barci. Abin da zai iya rage yawan gawarwakin nan a watan Afrilu ko Mayu ake yinsa, lokacin da ƙasa ke bushe, babu mai tunanin ruwa. Shi kuwa wannan aikin ba ya fitowa a hoto, shi ya sa ba a rububinsa.

To mene ne aikin, a zahiri? Bari in sauko da shi ƙasa, don in na ce "tsara kandagarkin bala'o'i" sai ka ɗauka wani zaman ofis ne da kwamfuta da sanyin na'ura. Mai wannan sana'a da ƙafa yake farawa. Zai zaga gari ya zana taswirarsa: ga unguwar da ke kwari, ga kwalbatin da shara ta toshe, ga gidajen ƙasa da aka gina a kan tsohuwar hanyar ruwa, ga kududdufin da yara ke wanka, ga inda ake sayar da fetur a jarka kusa da mai suyar ƙosai. Zai zauna da tsofaffi ya tambaye su ina ruwa ya taɓa kaiwa a shekarar da aka fi yin ambaliya, domin wannan bayanin ba ya cikin kowane littafi. Zai rubuta sunayen gidajen da ke da makaho ko gurgu ko mai tsohon ciki. Zai san wa ke riƙe da makullin makarantar firamaren da za a sauke mutane idan sun rasa matsuguni, wa ke da mota, wa ke da injin ban-ruwa da za a iya juyawa a kashe wuta da shi, wane ma'aikacin lafiya ne ke kwana a cikin gari. Sannan ya raba aiki: wane zai yi shela, wane zai ƙirga kawuna, wane zai tare hanya. A ƙarshe a gwada, a ga inda tsarin ya gurɗe, a gyara.

Akwai ma lissafi a ciki. Ƙa'idojin da ƙungiyoyin agaji na duniya suka amince da su sun ce a sansanin waɗanda suka rasa muhalli, kowane mutum na buƙatar aƙalla lita 15 ta ruwa a rana, kuma kada mutum sama da 20 su haɗu a kan masai ɗaya. Yanzu ɗauki biro. Idan mutum 600 suka kwararo cikin garin Kurfi daga ƙauyuka a dare ɗaya, kamar yadda muka sha gani a shekarun nan idan 'yan bindiga sun tayar da gari, lita 9,000 ke nan kullum, jarka 360 mai cin lita 25, da masai 30. Makarantar da za a sauke su masai nawa gare ta? Rijiyar burtsatsen da ke kusa tana aiki? Wanda bai yi wannan lissafin tun da wuri ba, kwalara ce za ta yi masa shi.

Kuma tsarin da aka kwafo daga wata ƙasa ba zai yi mana aiki ba, dole ɗan gida ne zai rubuta shi. Ga misali. Duk littafin da ka buɗe zai ce maka idan abu ya faru ka kira lambar gaggawa, a Najeriya 112. To a watan Satumban 2021 gwamnati ta katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, Dutsin-Ma da Kurfi suna ciki, aka yi watanni a haka. Duk wanda ya zauna a nan a lokacin ya san yadda aka koma aike da ɗan acaɓa da takarda a aljihu. Saboda haka tsarin da zai yi aiki a Birchi ko Wurma ko Makera sai ya amsa tambayar: idan babu waya fa? Lasifikar masallacin wa za a yi amfani da ita, kuma in babu wuta akwai batir? Wace irin busar usur ce ke nufin gobara, wacce ke nufin a gudu? Ƙwararren da ya sauka daga Abuja da jakarsa ba zai kawo wannan a ransa ba. Kai ka sani, domin ka rayu a ciki.

Yanzu duba yadda aka tsara abin a takarda. A sama akwai hukumar NEMA da aka kafa a 1999. Kowace jiha ana so ta samu tata hukumar, mu a Katsina muna da SEMA. Daga nan tsarin ya ce kowace ƙaramar hukuma ta samu kwamitinta na agajin gaggawa. A gefe guda, duk farkon shekara hukumar NiMet na fitar da hasashen damina, yaushe ruwa zai sauka, yaushe zai ɗauke, ina za a samu fari a tsakiya. Hukumar NIHSA kuma na fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya. Bayanan suna nan, kyauta ne ma. Amma a ɗakin taro a Abuja suke fita, su shiga jarida kwana ɗaya su wuce. Je ka tambayi manomi a Rawayau ko Karofi ko ya ji abin da aka ce game da daminar bana. Kai kanka, tsakani da Allah, ka taɓa jin sunan mutum ɗaya da ke cikin kwamitin ƙaramar hukumarku? Tsakanin wancan ɗakin taron da zauren mai unguwa akwai wawakeken rami, kuma cike shi ne sana'ar da nake maka magana.

Rabin aikin kuwa koyarwa ne, kuma nan ne nake so masu takardar malanta su buɗe kunne.

A garin Kamaishi na ƙasar Japan, wani malamin jami'a mai suna Toshitaka Katada ya shafe shekaru yana bin makarantu yana koya wa yara abin da za su yi idan teku ta yi ambaliya: kada ka jira umarni, kada ka koma neman jaka, ka ruga tudu. Da girgizar ƙasar Maris 2011 ta zo, manyan ɗalibai suka kama hannun ƙanana suka yi ta gudu zuwa sama. Garin ya rasa mutane kusan dubu, amma cikin 'yan makaranta kusan 3,000, kaɗan ƙwarai aka rasa. Ba wata na'ura ce ta cece su ba, darasi ne da aka maimaita har ya zauna a ƙafafunsu.

Dawo gida ka kwatanta. A Maraɗi, nan maƙwabtanmu, cikin Nuwamban 2021 wuta ta kama azuzuwan zana ta kashe yara sama da 20. A Ƙauran Namoda cikin Fabrairun 2025 gobarar dare ta kashe almajirai 17 a makarantar allo. A Majiya ta Jihar Jigawa cikin Oktoban 2024 tankar mai ta faɗi, jama'a suka fito da bokitai da jarkoki ɗibar fetur, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka mutu, yawancinsu matasa irinmu. Na san talauci ne ya fito da su, ba zan musa ba. Amma da yawansu babu wanda ya taɓa zaunar da su ya gaya musu cewa ba ruwan fetur ɗin ne ke fara kamawa ba, tururinsa ne, yana bin ƙasa ya yi nisa, kuma tartsatsin salansar babur ya ishe shi. Darasin minti goma ne wannan. Wa zai koyar da shi a makarantun da ke bakin titin Katsina zuwa Dutsin-Ma, inda tankoki ke wucewa?

Sai kuma iftila'in da ya fi damunmu. Ƙanƙara ba ta da nisa da mu, kuma babu wanda ya manta daren 11 ga Disamba, 2020 da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya. A Oktoban 2023 an shiga gidan haya a cikin Dutsin-Ma aka tafi da ɗalibai mata biyar na jami'a. Kada ka fahimce ni a baibai, mai tsara shirin gaggawa ba soja ba ne, kuma takarda ba ta tare harsashi. Tsaro aikin gwamnati ne, kada wani ya fake da maganata ya ɗora wa malamin makaranta. Sai dai akwai abin da ke hannun makaranta: rajistar da ta dace da yaran da suka kwana a ɗaki yau, wurin haɗuwa da kowa ya sani, wanda zai kira iyaye, wanda zai yi magana da jami'an tsaro. Ka tuna yadda aka kwashe kwanaki bayan Ƙanƙara ana jayayya a kan yara nawa ne ma suka ɓata? Uwa tana tsaye a bakin ƙofa ba ta san ko ɗanta yana daji hannun mutanen ko yana ɓoye a gonar wani ba.

Ni kaina na taɓa kai wannan shawara wata makaranta, ba zan faɗi wacce ba. Na ce a ba ni rabin awa ranar Alhamis mu gwada fitar da yara daga aji kamar gobara ta tashi. Shugaban ya dube ni ya ce, "Malam, kada ka jawo mana da bakinka." Na yi dariya na tafi, amma a hanyar fita na lura ƙofar baya an ɗaure ta da sarƙa, tagogin duk da ƙarafa, mai gadin da ke riƙe da makulli kuma ya tafi kasuwa.

Wannan maganar tasa ita ce babban dutsen da za ka ci karo da shi, gara ka shirya amsarka. Mutanenmu na ganin shirin bala'i kamar kiran bala'i ne, ko rashin yarda da ƙaddara. Ni ba malami ba ne, amma kowa ya san ƙissar Annabi Yusuf, Alaihis Salam, wanda ya tara hatsin shekara bakwai na wadata saboda shekara bakwai na fari, kuma shi ya nemi a ɗora shi a kan rumbunan. Kowa ya san Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke a can. Kakanninmu da suka gina rumbu suka yi ganuwa ba su fi mu ƙarancin imani ba. Idan za ka shiga unguwa da wannan aikin, fara da liman da mai unguwa. In liman ya faɗa a huɗuba, ka gama rabin aikinka.

To, na ji ka, duk wannan ya yi kyau, amma zai ciyar da ni? Ba zan yi maka daɗin baki ba. Guraben aiki a NEMA da SEMA da hukumar kashe gobara da Sibil Difens ba su da yawa, kuma ka san yadda ake samun aikin gwamnati a ƙasar nan. Ƙungiyoyin agaji na waje suna aiki a Katsina, Likitocin Na-gari Na-kowa ma suna nan tun 2021 suna jinyar yara masu tamowa, kuma irin waɗannan ƙungiyoyi kullum suna neman wanda ya iya Hausa, ya san gari, ya iya tattara bayanai da rubuta rahoto. Amma aikinsu na kwantiragi ne, wata shida ko shekara, kuma da Amurka ta zaftare kuɗin tallafinta a 2025 mutane da dama sun koma gida. Duk wanda ya ce maka ka yi kwas ɗin mako biyu ka fara karɓar dala, yaudararka yake.

Shawarata ita ce kada ka jefar da abin da ka karanta, ɗora wannan a kansa. Wanda ya karanci labarin ƙasa ya koyi zana taswira da kwamfuta, akwai manhajar QGIS kyauta ce. Ma'aikaciyar lafiya ta ƙware a sa ido kan ɓarkewar cuta. Wanda ya karanci aikin gona ya zama mai fassara hasashen damina ga manoma. Malamin makaranta ya zama wanda in ana maganar tsaron makarantu a ƙaramar hukuma shi ake nema. Mai aikin jarida ya koyi yadda ake ba da sanarwar gaggawa ba tare da ya firgita jama'a sun tattake juna ba. Ta haka ko aikin agajin bai samu ba kana da sana'arka, in ya samu kuma ka fi sauran masu nema.

Mai son zurfafawa, hanya a buɗe take. NEMA ta haɗa gwiwa da jami'o'i shida aka buɗe cibiyoyin nazarin kula da bala'o'i, masu ba da difloma ta gaba da digiri da kuma digiri na biyu. Uku suna Arewa: Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, da Jami'ar Maiduguri. Zariya dai ba nisa. Kafin nan, ƙungiyar Red Cross tana da reshe a Katsina tana horar da 'yan sa-kai taimakon farko. Masu yi wa ƙasa hidima akwai rukunin ayyukan al'umma da ke aiki da NEMA, nemi a sa ka ciki maimakon wanda za ka je ka sa hannu ka gudu. A intanet akwai darussa kyauta a shafukan Kaya da DisasterReady, kuɗin data kawai za ka kashe.

Kada kuma ka raina 'yan agajinmu na ƙungiyoyin addini, na Izala da Fitiyanul Islam da Jama'atu. A ƙasar Bangaladash, guguwar 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000. Bayan haka suka kafa rundunar 'yan sa-kai, dubun-dubatar mutanen ƙauye da lasifikar hannu da tutoci, masu bi gida-gida suna cewa a fita. Guguwa ba ta daina zuwa ba, amma a manyan guguwoyin shekarun baya-bayan nan mamatan sun koma gommai. Mu muna da irin wannan runduna a shirye, da kaki da horo da biyayya, a kusan kowane gari. Abin da ya rage shi ne wanda zai ƙara musu ilimin ambaliya da gobara da kwashe jama'a, a kan na tsare sahu ranar Idi. Wani ne zai koyar da su, me zai hana ya zama kai?

'Yan'uwa mata, ku ma da ku nake, har ma kun fi. Namiji ba ya shiga gidan aure ya duba inda aka ajiye tukunyar gas ko ya ƙirga yara nawa ke kwana a ɗaki mai ƙofa ɗaya. A sansanin gudun hijira mata da yara ne suka fi yawa, kuma akwai abin da mace ba za ta taɓa gaya wa namiji mai riƙe da fom ba. Duk tsarin da maza zalla suka rubuta, rabin gari ya bari a waje.

Ga shugabannin ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi kuwa, roƙona ƙarami ne. Kuɗin mota ɗaya ta kayan jaje ya isa a horar da matasa biyu a kowace mazaɓa, a ba su ɗan alawus, a sa su kawo taswira da jerin sunaye kafin watan Yuni, a zauna da hakimai da magaddai a duba. Jami'ar da ke garin ma, wadda aka kafa a 2011, tana yaye ɗalibai, kowannensu sai ya rubuta kundin kammala karatu. Da za a ce wasu daga ciki kowa ya ɗauki unguwa ɗaya ya zana mata taswirar haɗari, cikin shekara uku an gama da garin kaf.

Amma kai kada ka jira su. Makon nan sayi littafin rubutu mai shafi arba'in, ka samu abokai biyu, ku je wurin mai unguwa ku gaya masa abin da kuke son yi. Ku zaga unguwar da safe, ku rubuta kwalbatin da ya toshe da gidan da bangonsa ya tsage da inda wayar wuta ta yi ƙasa. Ku tambayi tsoho mafi shekaru ina ruwa ya taɓa tsayawa. Ku je makarantar allon da ke kusa ku duba ɗakin da almajirai ke kwana, ƙofa nawa gare shi, kuma ina suke hura wuta da sanyi. In kun gama ku yi kwafi uku, ɗaya ga mai unguwa, ɗaya ga sakatariyar ƙaramar hukuma, ɗaya kuma ka riƙe, ka tafi da shi ranar da aka kira ka ganawar neman aiki aka tambaye ka me ka taɓa yi.

Wanda ya gwada ya rubuto mana abin da ya gani, za mu buga a wannan fili mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.